Wanda ya kama gida a gaɓar Elmina, kada ya wuni a bayan katanga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wata al'ada da ta fara shiga jama'armu, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗan hali, wato kama gida sukutum a bakin teku lokacin hutun makaranta ko bayan Sallah, a kwashi iyali a je a sha iska. Ban ga aibin wannan ba ko kaɗan, domin wanda ya yi shekara yana fama da kasuwa ko ofis ya cancanci hutu, kuma gida guda mai kicin da katanga ya fi dacewa da iyalinmu fiye da ɗakin otal. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cinye hutun. Sai ka ga mutum ya biya kuɗi masu yawa, ya keto ƙasashe, sannan ya kulle kansa da 'ya'yansa a cikin gida, daga falo sai bakin ruwa, a ɗauki hotuna a saka a Facebook, a koma gida ba a san sunan garin da ke bayan katanga ba.

Ni mazaunin Kumasi ne, kuma harkar kasuwanci takan kai ni gaɓar teku, saboda haka zan tsaya a kan yankin da na sani, wato tsakanin Cape Coast da Elmina a Jihar Tsakiya ta ƙasar Ghana. Daga Accra zuwa Cape Coast tafiyar kusan kilomita 150 ce ta yamma, daga nan zuwa Elmina kuwa bai wuce kilomita 13 ba, kuma a wannan tsakanin har zuwa Brenu gidajen haya na masu hutu suka jeru a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, fasfonsa da katin rigakafin shawara sun ishe shi, ko ya biyo jirgi ya sauka Accra, ko ya biyo mota ta Legas da Kwatano da Lome ya shigo ta Aflao.

Abin da ya kamata baƙo ya fara nufa shi ne tsohon sansanin Turawa na Elmina, farin ginin nan da ake hangowa tun daga nesa a kan dutse tsakanin teku da tafkin Benya. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 saboda cinikin zinariya, Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637 bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun kafa igwa a kai, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. A kan tudun nan ne mutanen Holan suka gina ƙaramin sansanin da ake kira St. Jago, don kada wani ya yi musu abin da suka yi wa na gabansu, kuma duk wanda ya daure ya hau zai ga garin gaba ɗaya a ƙarƙashinsa, da kwale-kwale da fadamun gishiri da rufin gidaje. Hukumar UNESCO ta sanya waɗannan gine-gine na gaɓar Ghana cikin kayan tarihin duniya tun 1979.

Sai dai shekarun nan ba su ne ke girgiza mutum ba. Idan ɗan jagora ya shigar da ku farfajiyar da ake tsare mata bayi, zai nuna muku barandar da gwamna ke tsayawa a sama yana duban na ƙasa ya zaɓi wadda yake so, da matakalar katako da ake hawa da ita zuwa ɗakinsa, da dunƙulen ƙarfen igwa da ake ɗaure wadda ta ƙi a jikinsa a bar ta cikin rana. Daga nan za ku sunkuya ku bi wani lungu mai duhu har zuwa ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, ƙofa ce siririya wadda mutum ɗaya ne kawai zai iya ratsawa, shi ma sai ya karkata. A sansanin Cape Coast, wanda mutanen Suwidin suka fara kafawa a 1653 kafin Ingila ta karɓe shi bayan shekara goma sha ɗaya, kurkukun maza yana ƙarƙashin ƙasa ne, iska da haske ba sa shiga sai ta 'yan ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, kuma daɓen da kuke takawa ba tubali ba ne zalla, akwai abin da ya fita daga jikin waɗanda aka tsare a wurin, wanda ya taru ya daskare a tsawon shekaru. A saman wannan kurkuku kai tsaye aka yi ɗakin ibadar Turawan sansanin. Gani ya kori ji. Na sha karanta labarin cinikin bayi, amma sai da na tsaya a wurin, ɗan jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci, na fahimci abin da ake nufi.

A nan nake da roƙo ga 'yan'uwa. Wurin nan maƙabarta ce a haƙiƙa, domin da yawa daga cikin waɗanda aka shigar ba su kai ga ganin jirgi ba. Za ku tarar da baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika da sauran tsibiran can suna kuka, wasu sun ajiye furanni a jikin bango, domin su kakanninsu suka zo nema, kuma yawansu ya ƙaru tun daga ziyarar Shugaba Obama a 2009 da kuma shekarar 2019 da gwamnatin Ghana ta keɓe don kiran jikokin bayi su dawo gida. Na taɓa ganin wasu matasa suna raha da ɗaukar hoto a bakin ƙofar nan alhali wata dattijuwa tana tsaye gefe hawaye na zuba, kuma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mu da aka koya wa ladabin shiga maƙabarta tun muna yara, bai kamata a same mu cikin masu irin wannan ba. A ja wa yara kunne tun daga mota, a rage murya, a yi addu'a, kuma ƙananan da ba su kai fahimta ba a bar su a farfajiyar sama tare da wani babba.

Wani zai ce wannan tarihin Fanti da Asante da Turawa ne, ina ruwan Bahaushe? Ruwanmu yana ciki, kuma saboda haka ne ma na ɗauki alƙalami. Kakanninmu fataken Gwanja sun yi shekaru aru-aru suna kai ayari Salaga, a arewacin Ghana ta yau, don sayen goro, kuma Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, babbar kasuwar bayi ce, kuma a cikin abin da ayarin ke kaiwa, ban da kanwa da tufafi da fatu, har da mutane. Asante kuma tana karɓar bayi daga Gwanja da Dagomba a matsayin haraji. Waɗanda aka koro daga arewa zuwa teku da ƙafa, akan tsayar da su a Assin Manso, kimanin kilomita 40 daga Cape Coast a kan hanyar Kumasi, a yi musu wankan ƙarshe a rafi kafin a kai su wa masu saye. Rafin yana nan, ana gangarawa ƙarƙashin gora a isa bakinsa, kuma a 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin. Gaskiya ne yawancin Hausawan da aka tsallakar da su teku ta Legas da Wida (a ƙasar Benin ta yau) aka fitar da su, aka kai su Bahia a Barazil, inda suka yi ta tawaye tun daga 1807, amma hanyar cinikin ɗaya ce, kuma mun kasance a cikinta ta fuska biyu, akwai namu a cikin waɗanda aka sayar, akwai namu a cikin masu sayarwa. Ba na ganin akwai amfani mu riƙa gaya wa 'ya'yanmu rabin labarin, mu ɓoye rabin da ba ya mana daɗi.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba a cika ambata ba. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi sojoji kimanin 3,000 ta Elmina suka kai su yaƙi a Indunusiya, yawancinsu mutanen arewa ne da aka fanso daga bauta a Kumasi aka sa musu kaki, kuma waɗanda suka tsira suka dawo an ba su fili a wani tudu cikin garin, wanda har yau ake kiransa da sunan tsibirin Java. Ingila ita ma da za ta yaƙi Asante a 1873 zuwa 1874, ta kawo sojojin Hausawa daga Legas ƙarƙashin wani hafsan Bature mai suna Glover, kuma daga irin waɗannan dakaru aka kafa rundunar tsaron mulkin mallaka ta ƙasar a 1879. Waɗannan sojoji da fataken da suka gangaro kudu bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suna cikin tushen zangunan da muke zaune a ciki yau. A sansanin Elmina ɗin nan ne kuma Turawa suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibirin Seychelles, inda bai dawo ba sai 1924, kuma ana nuna ɗakin da ya zauna. Yaron da ya taso a Kano ko Zinder yana jin ana cewa 'yan'uwanmu na Ghana, a nan zai gane yadda aka yi suka zo.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ke wurin na baƙin ciki ne. Elmina gari ne na masunta, kuma rayuwarsa tana kan gadar da ta haye bakin tafkin Benya, dab da ƙofar sansanin. Wanda ya yi sallar asuba ya fito ya tsaya a kan gadar nan zai ga kwale-kwalen da suka kwana a teku suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ƙafarsa, kowanne an sassaƙa gindinsa daga itace guda an ƙara masa katako, an shafe shi da fenti kala-kala, an rubuta masa suna ko addu'a a jiki, tutoci na kaɗawa a sama. Matasa na tsaye kan gada suna tafi da kiran sunayen waɗanda suka yi kamu mai kyau, mata kuma na jira a bakin ruwa da manyan kwanonin silba, domin a nan cinikin kifi a hannun mata yake, su ne ke yanka farashi, su ne ke kai shi murhun banda, da yawansu ma su ne ke ba masunta kuɗin mai kafin a fita. Mai gidan haya da ke da kicin zai iya sayen kifinsa a nan da ɗumi-ɗuminsa, a gyara masa a wurin. Sai dai a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoton mutum, domin mutanen nan aiki suke yi, kuma sun gaji da baƙin da ke ɗaukarsu ba sallama. Ranar Talata ba a fita kamun kifi, al'adar garin ce, sai ka ga maza zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Ita ce ranar da ta fi dacewa a zauna a yi hira da su, kuma duk wanda ya zauna zai ji kukansu a kan manyan jiragen kamun kifi da ke kwashe ƙananan kifaye a teku har abin da kwale-kwale ke samu ya ragu ƙwarai.

Game da teku kanta, ina so in yi magana da babbar murya, domin a nan ake asarar rai. Yawancinmu mun saba da kogi da tafki da kududdufi, kuma wanda ya iya iyo a Tiga ko a kogin Kwara yakan ɗauka ya iya ruwa. Tekun wannan gaɓa daban take. Igiyar ruwa tana da ƙarfi, akwai duwatsu a ƙarƙashi, kuma akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu ta ƙasa ya ja mutum alhali samansa a kwance yake. Yawancin bakin ruwan da gidajen haya ke kai babu mai ceto ko ɗaya. Kada a bar yaro ya shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa, kada babba ya juya wa teku baya yana waya alhali yara na wasa, kada a shiga da dare, kuma a tambayi masuntan unguwar inda ake wanka da inda ba a yi, domin su suka san ruwansu. Matanmu da 'yan matanmu masu shiga da dogayen kaya su sani cewa atamfa ko hijabi idan ya jiƙe nauyi yake yi, ya naɗe ƙafa. Tafiya a kan rairayi da yamma, da shan ruwan ɗanyar kwakwa, da taya masunta jan igiyar taru idan sun yarda, sun isa nishaɗi.

Wanda ya samu yini guda ya kamata ya ba wa dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Kurmi ne wanda aka mayar gandun ƙasa a 1992, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 375, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995, gadoji bakwai da aka ɗaure daga wannan doguwar bishiya zuwa waccan, tsawonsu duka ya haura mita 300, wasu wuraren kuma tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Faɗin abin da kake takawa katako ɗaya ne, da raga dama da hagu har zuwa ƙirji, kuma yana lilo da kowane taku. Ga ɗan Sahel da ya saba ganin bishiya ɗai-ɗai a fili, tsayawa a saman kurmi ya ga ganye ya rufe ƙasa har iyakar ganinsa abu ne da ke sa mutum ya yi tasbihi. Akwai giwayen kurmi da birai da ɗaruruwan nau'in tsuntsaye a dajin, amma kada a yi wa yara alkawarin ganin giwa, domin dabbobin suna can ciki nesa da hayaniya, abin da za a gani shi ne tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. A je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso, a sa takalmi mai rufi saboda akwai hawan tudu kafin a kai gadar, dattijo mai ciwon gwiwa ko mai hawan jini kuma ya zauna a ƙasa ya jira.

Cikin garin Cape Coast ma akwai abin kallo ga mai son yawo da ƙafa. Shi ne babban birnin mulkin mallaka har zuwa 1877 da aka mayar Accra, kuma garin makarantu ne, a nan Mfantsipim take wadda aka kafa a 1876, inda marigayi Kofi Annan ya yi karatu. Bukukuwan gargajiya kuwa, Bakatue na Elmina ana yin sa ranar Talatar farko ta watan Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast kuma Asabar ɗin farko ta Satumba, kuma a lokutan nan gidaje na tsada, gari na cika. Akwai abubuwan addinin gargajiya a cikinsu, kowa ya san iyakar da zai tsaya.

Batun abinci da sallah shi ne ya fi hana mutanenmu fita, kuma shi ne mafi sauƙin warwarewa. A nufi kasuwar Kotokuraba a Cape Coast a tambayi zango. Za a samu masallaci, da mahauta Musulmi, da masu jin Hausa, da koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake irin ta Ghana, da tsire da yamma. Wanda ya yi sallar Juma'a a can, ya gaisa da liman da dattawan unguwa, ba zai rasa wanda zai haɗa shi da direba amintacce ko ya raka shi Assin Manso ba, kuma kuɗinsa zai shiga hannun 'yan'uwa. Amma a ɗanɗani abincin masu gari ma, dokunun Fanti da ake naɗewa a ganyen agade, da soyayyen kifi da barkono, da miyar ɗanyen kifi da manja, a tambaya kawai abin da aka sa a tukunya.

Kafin a biya kuɗin gida, a tambayi mai shi ko akwai janareto da tankin ruwa, ko tagogi na da ragar sauro, da nisan gidan daga babban titi, domin wasu gidajen da suka yi kyau a hoto suna ƙarshen hanyar da ƙaramar mota ba ta bi da damina, wadda a can ta fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli. A tambaya kuma ko akwai mashaya mai kiɗan dare a maƙwabta. Na san iyalin da suka tura kuɗi gaba ɗaya saboda hoton da suka gani a intanet, suka iso suka tarar bakin ruwan gaban gidan juji ne, kuma babu wanda ya mayar musu da ko sisi. Gara a sa wani na zango ya je ya duba da idonsa tukuna.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne jaridarka ta tura wakili ya bi hanyar nan tun daga Salaga, ya biyo ta Kumasi da Assin Manso har ya sauka Elmina, ya zauna da dattawan zanguna ya ɗauki abin da suka ji daga iyayensu tun suna da rai, a buga shi da Hausa kashi-kashi. Haka kuma ina kira ga shugabannin zangunan Cape Coast da Elmina su zaɓi matasa masu ilimi su nemi horo da izinin aikin jagora a waɗannan wurare, domin a yanzu da Turanci ake yawancin bayanin, kuma na ga iyayenmu mata suna bin ayarin masu ziyara daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da sun fahimci abin da ake faɗa ba sai abin da jika ya tsinto musu. Idan aka samu masu yi musu bayani da Hausa, na tabbata iyalai da yawa da ke zaune a gidajen bakin teku za su fito.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
Kumasi, Ghana.